Ranar da Mas Darmaji Ya Halarci Makokinsa

A unguwarmu da ke gefen birnin Yogya babu abin da zai lalace Mas Darmaji bai ce ya san maganinsa ba. Famfo ne, rediyo ne, auren wani ne, shi dai a kira shi. Ko ba a kira shi ba ma zai zo. Ya taɓa aikin gadi a wani kamfanin kwamfuta a Jakarta, to tun da ya dawo bakinsa bai rabu da "lokacin da nake kamfani" ba, amma bai taɓa faɗin a bakin wace ƙofa yake zama ba. Yayan mijina ne; "Mas" a wurinmu laƙabin girmama namiji ne, "Mbak" na mace, "Mbah" na tsoho. Gidansa da namu katanga ɗaya ce ta raba.

Mijina Mas Kuncoro, Allah ya jiƙansa, mai gyaran waya ne, kuma ba shi da surutu. Shi ya haɗa wata manhajar sanarwa ya sa ta a wani ɗan baƙin akwati a masallacin unguwa. In an yi rasuwa sai a shigar da suna, lasifikar masallaci ta faɗa, saƙo kuma ya shiga wayar kowa, har unguwannin da ke kewaye da mu. Muryarsa ce ke buɗe sanarwar, don da kansa ya naɗe ta. Sunan mamacin ne kawai wata muryar mace ta inji ke karantawa. Bai sayar da manhajar ba. Ɗora ta ya yi a intanet a buɗe, wanda ya so ya ɗauka, wanda ya iya ya ƙara mata gyara. A haka wata Mbak Retno da ke Surabaya, wadda ba su taɓa ganin juna ba, ta zama abokiyar aikinsa a kai.

Ranar da ya rasu akwatin bai yi magana ba. An ɗauke wuta a wannan makon abin ya rikice, mai gyaran kuma yana kwance a asibiti. Mutane sun saba jiran waya, kafin labari ya zaga da baki an riga an binne shi. Mutumin da ya tara wa kowa jama'a, nasa masu rakiyar ba su cika tabarma biyu ba. Abin ya yi mini ciwo. Amma na sa a raina addu'ar arba'in ɗinsa sai ta cika, ko da ƙafa zan bi gida-gida.

Na faɗi haka a barandarmu a gaban Mbah Rejo, tsohon da ke wanke mana mamata yana jan addu'a. Ashe Mas Darmaji na jin mu ta kan katanga.

"Da ƙafa? Dik Lasmini, ƙanwata, ina raye?" Ya zagayo yana gyara ɗaurin zaninsa. "Abin da ƙanena ya haɗa ne zai gagare ni? Ni na koya masa riƙe sukudireba."

Matarsa Mbak Warsini ta leƙo daga taga. "Famfon banɗaki ma haka ka ce, Pak. Har yau da bokiti muke wanka."

"Famfo aikin ƙarfi ne, Bu. Wannan aikin kai ne."

"Ai shi ne abin tsoron."

Mbah Rejo ya ce, "Darmaji, in ba za ka iya ba ka faɗa tun da sauran lokaci, mu raba 'yan aike."

"Mbah, kai dai ka tanadi kujeru. Zan tara maka mutanen da ba ka taɓa gani a lungun nan ba."

Ya rubuta wa Mbak Retno cewa daga yau shi ne ya gaji aikin. Ta yi masa gaisuwar rashi, sannan ta ce kada ya taɓa akwatin masallaci tukuna. Ƙa'idar aikin ita ce mutum ya fara shirya wa manhajar ɗakin gwaji a cikin kwamfutarsa. A ɗakin gwaji komai na wasa ne: lasifika ta wasa, wayoyi na wasa, mamacin ma na wasa. In gyara ya yi kyau a nan, sai a kai shi wurin na gaske. Ta ce yadda ake shirya ɗakin yana rubuce a shafin farko, ya daure ya karanta daga sama har ƙasa.

Mas Darmaji ya kalli tsawon shafin ya yi tsaki. "Bayani na masu koyo ne."

Ya fito da tebur baranda, inda duk mai wucewa zai gan shi. Ya ɗauko kwamfutar da 'yarsu ta bari da ta yi aure, ya sa tabarau, ya ce a dama masa kofi mai kauri. Layin da idonsa ya kama a shafin ya ce sai an fara sauke wani kayan aiki, kuma tsohon samfurinsa ake so, don da shi aka gina manhajar. Ya sauke sabo fil. Wa zai ga sabon babur ya hau tsoho? Yana danna maɓalli allon ya cika da jan rubutu, yana gudu daga sama zuwa ƙasa kamar tururuwa.

Lik Poniran mai haƙa kabari ya zo wucewa da shebur a kafaɗa, ya tsaya.

"Mas, wannan jan fa?"

"Ja alamar ƙarfi ce. Da ka ga kore, ka san ƙaramin aiki ne."

"To. Ni dai in na ga ja a titi tsayawa nake."

"Shi ya sa kake haƙa rami ni nake haƙa ilimi."

"Nawa ramin dai yana da ƙarshe," in ji Lik Poniran, ya yi gaba.

Da jan rubutun ya ƙi tafiya, sai ya shiga sauke duk abin da ya ga sunansa a ciki. Ya sauke wannan ya nemi wancan, wancan ya nemi kakansa. Kwamfuta ta ce cikinta ya cika. Ya duba ya ga wani ƙaton kundi ya cinye wuri, ya share shi, ya kuma share shi daga kwandon shara don aiki ya yi tsabta. Da yamma Mbak Warsini ta zo nuna wa wata baƙuwa hotunan bikin 'yarsu.

Har gidanmu muka ji.

"Bu, ai kin halarci bikin," yake cewa. "Me za ki yi da hoto? Kin manta fuskar 'yarki ne?"

Daga ranar ta daina sa masa yajin sambal a abinci. Ga wanda ya san Mas Darmaji, wannan ya fi duka ciwo.

Kwamfutar ta soma zafi, fankar cikinta na kuka kamar jirgi zai tashi. Ya aika wurin mai shayin sanyi aka kawo masa ledar ƙanƙara, ya ɗora ta a kai, ya ce haka suke yi a kamfani. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya shiga, allo ya yi baƙi. Bai gaya wa kowa ba. Ya lallaɓa ya cusa ta cikin buhun shinkafa don ta tsotse ruwan, ya ce wa maƙwabta ya ba ta hutu ne ta yi tunani. Da safe Mbak Warsini ta zura gwangwani cikin buhu ta ji ƙwas.

"Pak! Yau kwamfuta za mu ci?"

"Ki mayar, ba ta nuna ba!"

Cikin ikon Allah ta tashi, sai dai in ka girgiza ta kana jin ƙwayar shinkafa na yawo a ciki. Jan rubutu kuwa yana nan inda aka bar shi. Arba'in na matsowa. Ni kullum in na leƙa sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Saura ƙiris, Dik." Mbah Rejo ya sake maganar 'yan aike, Mas Darmaji ya ce wannan cin fuska ne, in aka aika mutum ɗaya shi ya zare hannunsa. Yayan miji ne, na bar shi.

Daga nan ya shiga dandalin manhajar, inda masu aiki da ita daga garuruwa ke tambaya a amsa musu a idon kowa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa manhajar nan a karye take tun daga tushe, kuma shi tsohon ma'aikacin kamfani ne, ya san abin da yake faɗa. Mbak Retno ta amsa da layi ɗaya: "Pak, a shafin farko wane mataki ka kai?"

Ya rufe kwamfutar. Ya ɗauke teburin daga baranda ya mayar ɗaki, ya ja labule. A can ya karanta rabin shafin, rabin sama, ya cire sabon samfurin ya sa tsohon da aka ce tun farko. Da ya fito shan iska ya gaya wa Lik Poniran cewa bincikensa ya gano tsohon ya fi sabon ƙwari, kuma zai sanar da mutanen Surabaya don su ƙaru.

Ranar arba'in da hantsi rubutu ya koma kore. Allon ya ce: "Lasifikar gwaji, an yi sanarwa. Wayoyin gwaji, an aika." Mas Darmaji ya kasa kunne wajen masallaci. Shiru, sai zakaran maƙwabta. Ya duba wayarsa, ba saƙo.

"An yi sanarwa a ina? A cikin zuciyarki?"

Rabin shafin da bai karanta ba shi ne ya yi bayanin cewa haka ake so, shirun nan shi ne alamar ɗakin gwaji ya zauna daidai. Shi kuwa ya ga an raina shi ne, an ba shi kayan wasan yara. Ya tafi masallaci ya karɓi makullin kabad ɗin da akwatin ke ciki a hannun Mbah Rejo, ya ce ƙura zai goge. Ya kwafo fayil ɗin da ke ɗauke da makullan gaske, waɗanda ke buɗe lasifika da wayoyin jama'a, ya dawo ya share na wasan ya sa shi a gurbinsa. Allon ya tambaye shi: "Wannan na gaske ne. Ka tabbata?"

"Ji rashin kunya. Inji ne ke tambayata ko na tabbata." Ya danna e.

Sai idonsa ya faɗa kan wani wuri da aka rubuta "Suna: Wane ɗan Wane." Ya daɗe yana ganin sunan Mas Kuncoro da na Mbak Retno a jikin shafin, abin na ci masa rai. Ya ce to ga inda ake sa sunan wanda ya yi aiki, an bar masa a buɗe. Ya goge Wane ɗan Wane, ya rubuta nasa a hankali da yatsa ɗaya, har da sunan mahaifi, ya ƙara da "tsohon ma'aikacin kamfani a Jakarta." Sannan ya danna inda aka ce a gudanar da dukkan gwaji, don yana so ya ga komai ya yi kore kafin ya aika gayyatar ƙanensa.

Kwamfuta ta ce akwai sauran abubuwan da za ta sauke, zai ɗauki lokaci. Ya ce madalla. Yau idon unguwa a kansa zai kasance, ga gashi ya taru. Ya bar wayarsa a jone da kwamfutar, don ita ke ba ta intanet, ya kulle ɗakin, ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa biki, ya hau babur sai shagon aski a cikin gari. Mbak Warsini tana kasuwa wurin sayar da tempe, wainar waken soya.

Ni ina kicin da mata biyu muna yanka albasa. Ƙaramar tukunya na ɗora, don na riga na san gayyata ba ta fita ba. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, na ji an yi gyaran murya, irin wanda na sani.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'ar unguwa, ana sanar da ku rasuwar..."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Rabona da muryar nan tun a gadon asibiti. Ban gama dawowa hayyacina ba muryar macen nan ta inji ta karɓa: "Darmaji ɗan Sastrowiyono, tsohon ma'aikacin kamfani a Jakarta. Ya rasu a asibiti da safiyar nan. Za a kawo gawa bayan Azahar, a binne bayan La'asar." Ashe wannan ƙarshen duk maganar mamacin wasa ce, Wane ɗan Wane, wadda ke rubuce tun asali. Wayoyin matan da ke tare da ni suka yi ƙara a tare.

Wani ya ce ai ya gan shi ɗazu a kan babur yana gudu. Kafin maganar ta kai bakin lungu ta zama mota ce ta buge shi, kafin ta dawo ta zama tirela. Aka kira wayarsa aka ji tana ringi a ɗaki a kulle. Aka tura samari biyu asibiti, suka kai titi suka tuna ba a faɗi wanne ba, suka ce za su bi su ɗaya bayan ɗaya.

Unguwarmu kuwa in an ce mutuwa ba a jiran umarni. Aka kafa farar tuta, alamar rasuwa, a bakin lungu. Aka kafa rumfa daga ƙofarsu har ta rufe tamu. Kujeru suka fito daga masallaci. Mata suka soma shigowa da kwanon shinkafa a rufe da ƙyalle, na unguwarmu da na hayin rafi da na bayan kasuwa, ana juyewa a buhu. Lik Poniran ya tafi maƙabarta ya fara haƙa kusa da Mas Kuncoro. Aka kawo Mbak Warsini a keken haya, mata biyu na riƙe da ita.

"Da na sani da ban hana shi yaji ba," take cewa. "Ku shaida, na yafe masa hotunan. Na yafe masa famfo. Na yafe masa fankar da ya lalata mana ma."

Shi kuwa gogan yana kan kujerar aski yana koya wa mai askin yadda ake riƙe almakashi. Aka gama, aka shafa masa mai, ya tsaya ya ci taliya da yaji cokali uku don ramuwa. Sannan ya sa takunkumi saboda hayaƙin titi, ya kifa hular kwano, ya kamo hanya yana shirya jawabin da zai yi.

Ya iso ya ga babura sun cika bakin lungu har kan titi. Ransa ya yi fari: wato abin ya aika gayyatar da kansa. Sai ya ga farar tuta. Ya kashe babur, ya shiga da ƙafa da hularsa a kai, ya ga ba hanyar wucewa, ya zauna a kujerar ƙarshe kusa da wani dattijo baƙo daga hayin rafi.

"Pak, wa kuma ya riga mu?"

"Wani ne ɗan unguwar nan. Ban san fuskarsa ba, amma tun da na zauna labarinsa ake. Sun ce ba mugu ba ne, baki ne kawai. Duk abin da ya taɓa sai an kira wani ya gyara gyaran."

"Allah sarki," in ji Mas Darmaji, yana girgiza hular kwano. "Muna da irinsu da yawa a nan. Kullum ina yi musu nasiha, in ba ka iya ba ka bar wa waɗanda suka iya. Ba sa ji."

"An ce ya taɓa gyara wa liman fanka ta koma tana zuƙe iskar ɗaki."

"Wannan fankar dama tun daga kamfani..." Ya tsaya.

Daidai nan lasifika ta sake gyaran murya. Kwamfutar da ke kulle a ɗaki ta gama gwajin farko tun ɗazu, ta sauke abin da ya rage mata, ta shiga na biyu. Muryar Mas Kuncoro ta ce ana gayyatar jama'a addu'ar kwana uku ta marigayi, macen inji ta ce, "Darmaji ɗan Sastrowiyono, tsohon ma'aikacin kamfani a Jakarta."

Wayoyi suka yi ƙara a aljihu. Ba a gama dubawa ba lasifikar ta sanar da addu'ar bakwai.

Mbah Rejo ya ɗaga kai ya kalli lasifikar. "Ikon Allah. Ba a kawo gawa ba har an yi bakwai?"

Lik Poniran, wanda ya dawo da laka har gwiwa, ya ce, "Mbah, ai ka san shi. Komai nasa da gaggawa."

Ta sanar da arba'in. Ta sanar da ta kwana ɗari. Mas Darmaji ya miƙe a hankali ya ce wa dattijon zai kama ruwa. Ya bi jikin katanga a duƙe, yana lalubar makullin ɗaki a aljihu. Dabararsa ya shiga ta baya ya zare waya, in ya so daga baya ya ce walƙiya ce. Hanyar baya kuwa ta cikin mata take. Ya tsallake buhun shinkafa, ya tsallake tukunya, sai ga shi gaban Mbak Warsini da ke zaune a tabarma ana yi mata fifita.

Ta kalli takalman. Ta kalli rigar batik ɗin da ta goge da hannunta. Ta ƙwalla ƙara.

Mata suka watse, wata ta faɗa cikin kwandon albasa, maza suka taso da kujeru a hannu. A sama lasifika na gayyatar jama'a addu'ar kwana dubu. Mas Darmaji ya cire hular kwano, ya sauke takunkumi, sabon aski na ƙyalli.

"Jama'a, a kwantar da hankali," ya ce. "Gwaji ne."

Mbak Warsini ta taso ta kama hannunsa ta matsa. Ta mintsine shi ya ce wash. Ta shinshina kansa ta ji man aski, ta shinshina bakinsa ta ji yaji. Sai ta waiwaya ta karɓi muciya a hannun wata.

"Ku shaida, na janye! Hotunan, da famfon, da fankar, duk na janye!"

Da ƙyar aka shiga tsakani. Mbah Rejo ya matso da sandarsa ya zagaya shi sau ɗaya.

"Darmaji, kai ne?"

"Ni ne, Mbah."

"To ga matsala. Ƙanenka Kuncoro, wanda ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya ce ka mutu. Kai kuma ka ce kana raye. Wa za mu gaskata?"

Dariyar da aka yi, har waɗanda suka zo da hawaye sai da suka riƙe ciki. Dattijon hayin rafi ya leƙo ya ce, "Ashe kai ne mai nasihar." Mas Darmaji ya buɗe ɗaki ya fizge wayar, lasifika ta yi shiru a tsakiyar sunan mahaifinsa.

Lik Poniran ya buga shebur a ƙasa. "To ni ramina fa? Kun san a nan rami ba ya kwana da baki a buɗe. Ko mai shi ya shiga, ko a sa masa madadi."

Madadin kututturen ayaba ne, haka muka gada. Aka sare ta bayan gidan Mas Darmaji, wadda ya daɗe yana cewa babu irinta a Yogya. Shi aka ɗora wa a kafaɗa, da rigarsa ta zuwa biki, jama'a na biye da shi har maƙabarta. A bakin ramin ma sai da ya ce an haƙa shi a karkace.

"In ka zo shiga sai ka gyara," in ji Lik Poniran.

Da aka dawo mutane suka tsaya cirko-cirko. Shinkafar da aka kawo gidan mutuwa ba ta komawa gida. Rumfa na tsaye, tukwane na kan wuta, ga jama'ar da lungun bai taɓa ɗauka ba. Mbah Rejo ya dube ni.

"Lasmini, yau ba arba'in ɗin Kuncoro ba ne?"

"Yau ne, Mbah."

"To a juya kujeru."

Aka juya su suka fuskanci ƙofarmu. Na sauke ƙaramar tukunyata, aka ɗora manya. Bayan Magariba aka zauna, tabarmi suka ƙare, wasu a kan babur suka yi addu'ar. Da yawa a ranar suka fara jin Mas Kuncoro ya rasu. Dattijon hayin rafi ya zo ya durƙusa a gabana ya ce muryar nan ce ta tara wa mahaifiyarsa mutane, bai taɓa sanin fuskar mai ita ba, na nuna masa hoto. Da aka ɗaga murya gaba ɗaya sai da na ji katangar gidan na amsawa. Na yi kukan da ban samu yi ba ranar farko.

Ana raba abinci Mas Darmaji ya matso kusa da Mbah Rejo, da tabon ruwan ayaba a kafaɗa.

"Mbah, me na ce maka? Ban ce ka tanadi kujeru ba?"

Daga baya Mbak Retno ta gyara akwatin daga Surabaya, Mbah Rejo na riƙe da waya tana faɗa masa inda zai danna. Ta kuma ƙara layi biyu a can saman shafin farko da manyan baƙaƙe, cewa kada a sa makullan gaske a ɗakin gwaji, kuma don Allah kada kowa ya sa sunansa a wurin Wane ɗan Wane. Mas Darmaji ya sa an buga masa shafin a takarda ya manna a baranda. Duk wanda ya zo sai ya nuna masa gudummawar da ya bayar har aka sa ta a sama da ta kowa.

Yanzu duk Alhamis da yamma nakan je wurin Mas Kuncoro da 'yar ledar fure. In ya rage nakan watsa wa ɗan tudun da ke gefensa, inda aka binne kututturen ayabar. Makon jiya ina dawowa na ji murya ta kan katanga.

"Dik Lasmini, na bi ta maƙabarta ɗazu. Nawa furen bai kai nasa ba."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Mas. Kai gwaji ne."